Motar Iyali: Abin Dubawa Kafin a Biya La'ada

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu sayar da motoci a Kano ko Kaduna ya san bakin dillali. "Alhaji, wannan ba ta da matsalar komai. Wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai ofis. Inji lafiya, giya lafiya, AC ƙanƙara. Mai kawai za ka zuba." An wanke motar tas, tayoyi suna ƙyalli, an fesa turare a ciki. Magidancin da ya daɗe yana tara kuɗi, ga yara uku, ga uwargida da juna biyu, babur ya daina ɗaukarsu, yana jin haka sai hankalinsa ya kwanta. Ba na cewa duk dillali maƙaryaci ne. Akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Amma shi la'adarsa tana fitowa ne ranar da aka yi ciniki, kai kuwa daga ranar ne ɗawainiyarka take farawa.

A garejin yayana na taso. Bakanike ne, ni ke miƙa masa sifana in an tashi daga makaranta. A nan na ga yadda mota ɗaya take iya cinye albashin mutum har ta taɓa kuɗin cefane, na kuma ga tsohuwar mota da fentinta ya koɗe tana kai yara makaranta shekara da shekaru, ba ta zuwa wajenmu sai don juyen baƙin mai. Abin da ya bambanta su ba sunan kamfani ba ne kaɗai. Tarihin ita wannan motar da ke gabanka shi ne magana, sai kuma ko aljihunka zai iya riƙe ta.

Bari in fara da riƙon, don shi ne ya fi sauyawa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Tankin Corolla lita 50 yake ci. Ke nan abin da ake cika shi da ƙasa da dubu goma ya koma sama da dubu hamsin a lokacin. Dala kuma, wadda da ita ake sayo motar da kayan gyaranta, ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa manyan motoci masu silinda shida suka yi ta kwana a rumfa an lulluɓe su da tamfol, masu su sun koma hawa Adaidaita Sahu. In an yi maka tayin babbar mota a farashin da ya ba ka mamaki, sau da yawa mai ita shan manta ne ya gaji da shi. Shawarata a nan guda ce: kada ka zuba duk abin da ka tara a cinikin. Ka ware wani kaso mai kauri, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, domin makon farko ba ya wucewa ba a kashe kuɗi ba.

To, wace mota? Tambayar da nake fara yi wa mai neman shawara ita ce wane gari yake zaune, kuma wace mota ce ta fi yawa a garejin unguwarsu. Motar da kayanta suke jibge a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wadda in ta tsaya maka a Funtuwa ko Azare za ka sami yaron da ya san cikinta, ita ce motar iyali. Akwai motoci masu kyau ƙwarai da zan hana ɗan'uwana saya, don kawai na'ura ɗaya in ta lalace sai an aika Legas an jira, ga yara suna jiran mai kai su makaranta.

Da wannan ma'aunin, Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ba a banza ta yi suna ba. Injinta lita 1.8 ne, silinda huɗu, kuma sarƙa ce a tayiminsa ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar hanya. Tana haƙuri da manmu da hanyoyinmu. Aibinta shi ne kowa ya san haka: tana da tsada fiye da shekarunta, ɓarayi ma suna sonta. Sannan a tuna mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara goma sha biyar. Ni kam, ga mai iyali, na fi karkata ga Pontiac Vibe ko 'yar'uwarta Toyota Matrix. Vibe an ƙera ta ne a wata masana'antar haɗin gwiwar General Motors da Toyota a garin Fremont na jihar Kalifoniya, kuma injin Corolla ne a cikinta. Rufinta ya fi tsawo, bayanta a buɗe yake, ana kwantar da kujerun baya a shigar da buhun shinkafa da akwatin tafiya gida hutun Sallah ba tare da an danna wa kowa gwiwa ba. Sai dai a kula da 'yan 2009 da 2010, domin wasunsu injin lita 2.4 gare su, wanda ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai.

Honda Civic ta 2006 zuwa sama ba ta da shan mai, ga daɗin tuƙi, matasa na sonta. Amma tana da ƙasa-ƙasa, in layinku yana da kwazazzabo da damina za ka riƙa jin cikinta yana gugar ƙasa, kuma 'yan 2006 zuwa 2008 an sami da yawa da injinsu ke tsagewa yana yoyon ruwa, har kamfanin ya tsawaita garantinsu a Amurka. Peugeot 406, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna, babu kamarta a doguwar tafiya, ga faɗin kujerar baya, amma tana son bakaniken da ya ƙware a kanta da mai wayarin da ba ya yanke-yanke. Golf 3 kuwa yawancinsu haya ta riga ta cinye su.

Akwai gaskiyar da magidanta ba sa son ji. Ƙaramar mota mutum biyar take ɗauka, bel biyar gare ta. In yaranka huɗu ne yau kuma ana sa ran ƙari, ko matanka biyu, lissafin ƙaramar mota ya ƙare. Ka yi tunanin Sienna, ka kuma yi lissafin man silinda shida tun kafin ka saya. Mota ba ta bana kaɗai ba ce. Yaron da ake goyo yau, nan da shekara uku shi ma wurin zamansa zai nema.

Yanzu ga batun tarihi. Yawancin motocin da muke kira Beljiyam ko tokumbo a yau daga Amurka suke fitowa, kuma da yawansu a wajen gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, irin su Copart da IAA. Ma'ana sun yi haɗari, ko ambaliya ta shanye su, kamfanin inshora ya ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Ba duk mai haɗari ce abin gudu ba. Wadda aka buge wa bamba ko ƙofa aka gyara, lafiyarta lau. Wadda shasinta ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa, ko wadda ta kwana cikin ruwa, ita ce ba ta taɓa komawa daidai. Kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Da wannan lambar, a biya kuɗi kaɗan a intanet, za a ga rahoton haɗarinta da tafiyar da ta yi, wani lokaci har da hotunanta ranar da aka yi gwanjonta. Dillalin da ya hana ka ɗaukar hoton lambar, ka yi masa sallama.

Kada kuma a ruɗe ka da ƙidayar da ke jikin mita. Mayar da ita baya aikin minti kaɗan ne ga mai kwamfuta. Ka dubi robar birki, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba. In sun suɗe amma mita na cewa motar ba ta yi nisa ba, su ka gaskata. Motar Amurka kuma da mil take ƙidaya, mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi.

Na sha raka Yaya duba mota, kuma hanyarsa ba ta canzawa. Da sassafe yake zuwa. Kafin ya gaisa da kowa sosai sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet. In ya ji ɗumi, ya san an riga an tayar da ita don ta ɓoye ƙarar sanyi, sai ya ce, "Malam, sai gobe in Allah ya kai mu, amma kada a taɓa min ita." In ta yi sanyi, sai ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi ya duba. In ya ga wani abu fari-fari kamar shayin da aka zuba wa madara, ruwa ya haɗu da mai ke nan, gaskit ya ƙone. Ya zaro sandar man giya, ya goga a yatsa, ya kai hanci. Ja-ja mara ƙauri yake nema. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ba ya ƙara cewa komai a kan giyar. Daga nan ya shiga baya ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa, ya janyo bel har ƙarshensa. Bel ɗin motar da ta sha ambaliya yakan nuna layin da ruwan laka ya tsaya, domin masu wanki ba sa kaiwa can.

Sai ya murɗa mabuɗi ba tare da ya tayar ba, ya tsura wa dashbod ido. Dole fitilar inji da ta jakar iska da ta ABS su kama, sannan su mutu bayan an tayar. In ɗaya ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don kada ta tona asiri. Ni a bayan motar yake tsayar da ni in kalli salansa. Hayaƙi shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa, yana shan ruwa. A yau an sami sauƙi, ana jona 'yar kwamfutar gwaji a ƙarƙashin sitiyari ta karanto laifuffukan da ido ba ya gani, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Abu biyu ya kamata a tambaya musamman a motar hannu, wato wadda aka riga aka hau a nan gida. Na farko, ko indomin salansa yana nan. Ana cire shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, motar ta koma wari da ƙara. Na biyu, ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye. Kanikawa da yawa suna yin haka da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, alhali injin ya daina kaiwa zafin da aka tsara masa ke nan, sai ya ƙara shan mai, kuma sau da yawa wata matsalar lagireto ce aka rufe da wannan dabarar. A gwada motar a hanya mai gargada, ba kan kwalta mai santsi kaɗai ba, a saurari ƙafafunta. A shiga cunkoso da rana tsaka, a kunna AC, a sa ido kan allurar zafi. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga jariri a baya, AC ba ƙawa ba ce.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani, amma a nan ake rasa mota gaba ɗaya. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa, amma ba a daina satar hanya da su daga Kwatano ba, kuma takardun kwastam na bogi sun yi yawa. A je ofishin Kwastam a tantance kafin a biya. Lambar shasi ta jikin mota ta zo daidai da ta takarda harafi da harafi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa, a biya ta banki, a canza sunan mallaka ba tare da jinkiri ba. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma ita ma a tabbatar ta gaske ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sayen motar iyali ba tare da iyalin sun gan ta ba. Ka je da uwargida. In ita ma za ta riƙa tuƙawa, ta zauna ta ji ko ƙafarta tana kaiwa, ko tana ganin gaba da kyau. Yara su shiga baya a ga yadda suka zauna. A gwada kowane bel, a gwada ɗan makullin da ke gefen ƙofar baya wanda ke hana yaro buɗewa daga ciki, a tabbatar gilasan baya suna sauka suna hawa. Kuma don Allah a bar ɗora yaro a cinya a kujerar gaba. Jakar iska da ƙarfin da aka auna don babba take fashewa, hukumar kiyaye haɗurra ma cewa ta yi yaron da bai kai shekara 12 ba a baya zai zauna. Corolla da Civic na shekarun da na ambata a baya suna cikin miliyoyin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iskar kamfanin Takata, wadda kan watso ƙarfe in ta fashe, kuma da lambar nan mai 17 ake gane ko an canza ta kafin motar ta baro Amurka.

In an yi ciniki, kafin a ɗauki hanyar zuwa nuna wa iyaye su sa albarka, a biya gareji. A juye baƙin mai da matatarsa ko da an rantse maka jiya aka canza, a duba birki da batir. Giyar wasu sababbin motoci, wadda ake kira CVT, tana da nata man na daban, in aka zuba mata na gama-gari ta tafi. Sai tayoyi. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 3519 na nufin mako na 35 a 2019. Tayar Beljiyam takan zo da zanenta raɗau amma robarta ta bushe, kuma irinta ce ke fashewa a hanyar Zariya da azahar. In kuɗin da aka ware bai isa komai ba, a fara da tayoyin nan huɗu da birki, fenti da rediyo su jira.