Yadda Aka Kashe Ƙudan Makanta, Aka Bar Wa Kifi Abincinsa

Dattawan Djougou da Parakou ba su manta da jirage masu saukar ungulu da ke bin koguna suna zuba magani ba. Aikin Hukumar Lafiya ta Duniya ne, wanda aka soma a 1974 don yaƙar cutar makanta da baƙin ƙuda ke yaɗawa. Tsutsar ƙudan a ruwa mai gudu take girma, kamar na kogin Ouémé da Okpara.

To, amma fa kogi ba na ƙuda kaɗai ba ne. Akwai jatan lande da ƙananan ƙwari da kifi ke ci. In suka ƙare, masunta sun shiga uku. Shi ya sa aka kafa kwamitin masana, ana ɗibar ƙwari da kifi ana ƙirgawa.

A 1980 tsutsar ta fara jure wa temephos a Kodebuwa. Sai aka riƙa sauya magunguna: in ruwa ya janye, a zuba Bti, wanda ba ya cutar da kifi da jatan lande, mai ƙarfi irin permethrin kuwa, sai kogi ya cika, shi ma na 'yan makonni. An rufe shirin a 2002.