IDO NA TAFIYA, KUNNE NA ZAUNE: Tabarau na Kwamfuta da Kwaikwayon Tuƙin Jirgin Sama

Gabatarwa

A shekarar 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a birnin Kano, jirage uku na sojan saman Ingila. A 1964 kuma aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya. Daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, tafiyar 'yan sa'o'i ce ta hanyar Funtuwa za ta kai mutum ƙofar wannan kwaleji, amma ɗalibanmu ƙalilan ne suka taɓa leƙa mazaunin matuƙin jirgi. Yau ga shi an ƙera wani irin tabarau wanda in mutum ya ɗaura a fuska, sai ya gan shi zaune cikin jirgi, ga na'urori a gabansa, ga ƙasa can nesa, alhali kuwa bai bar kujerarsa ba. Tambayoyi biyu ne za mu duba: yaya tabarau ɗin yake aiki, kuma shin mai araha yana da amfani? Amsar duka biyun tana cikin halittar ido da kunne.

Asalin abin

A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwati mai siffar jirgi wanda ke karkata bisa wasu zuga-zugai, irin waɗanda ake sa wa kayan kiɗan da mahaifinsa ke ƙerawa. A 1934, bayan matuƙa da dama sun hallaka wajen jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi, sojan saman Amurka suka sayi guda shida. Shi kuwa tabarau mai haɗe da kwamfuta, Ivan Sutherland ya gwada nasa a 1968, sai dai saboda yanayin ƙirarsa sai da aka maƙala shi a rufin ɗaki. Bai kai ga hannun jama'a sosai ba sai bayan fitowar Oculus Rift, wanda kamfanin Facebook ya sayi masu ƙera shi a 2014. A Disambar 2020 aka sa wasan kwamfuta na Microsoft Flight Simulator ya yi aiki da irin wannan tabarau.

Yadda ake yaudarar ido

Ɗalibi, miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon dama ka dube shi, sa'an nan ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Dalili shi ne, tsakanin ƙwayar idon baligi ta dama da ta hagu akwai tazarar kimanin milimita 63, saboda haka kowane ido hotonsa daban. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu, daga bambancinsu ta gane abin da ke kusa da wanda ke nesa. Charles Wheatstone na Ingila ya tabbatar da haka tun 1838, da madubai biyu da zane biyu.

Wannan dabara ce tabarau ya ara. A cikinsa akwai ƙaramin allo da gilasai biyu, kowane ido ana nuna masa hoton da ya dace da shi. Akwai kuma na'urori masu auna motsin kai. In ka waiwaya hagu, kwamfuta za ta sake zana hoton, ka ga fiffiken jirgi ta taga. Ido dai ya gamsu.

Kunne ba ya yarda

Ji ba shi kaɗai ne aikin kunne ba. Can cikin kowane kunne akwai bututu uku masu lanƙwasa kamar baka, cike da ruwa, kowanne ya fuskanci ɓangare daban. In kai ya juya, ruwan kan yi jinkirin bi, sai ya tanƙwara wasu ƙananan gasu, su kuma su aika saƙo ga ƙwaƙwalwa ta jijiya. Kusa da su akwai jakunkuna biyu masu ɗauke da 'yan mitsi-mitsin tsakuwoyi na sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, su ne ke gaya mana ina ne sama, ina ne ƙasa, da kuma lokacin da mota ta zabura ko ta ci birki.

Malami na iya nuna wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A zuba ruwa a ƙwarya, a barbaɗa ƙaiƙayi a kai, a juya ƙwaryar a hankali. Da fari ruwan zai ƙi bi. In aka ci gaba da juyawa zai bi. In aka tsaya cak, shi ba zai tsaya ba. Wannan ne abin da ke ka da yaro bayan ya yi ta juyi a dandali.

To, wanda ya taɓa karatu cikin mota a hanyar Sabuwa zuwa Ɗandume ya san tashin zuciyar da ke biyo baya: ido na kan takarda yana cewa ana zaune, kunne na cewa ana tafiya. A cikin tabarau abin juyewa yake yi, ido ya ce jirgi ya karkata, kunne ya ce kujera ba ta motsa ba. Yawancin masana sun tafi a kan cewa wannan saɓani ne ke kawo jiri da gumi da amai. A 1977 Michel Treisman ya kawo hasashen cewa ƙwaƙwalwa na ɗaukar saɓanin a matsayin alamar an ci guba, don haka take neman fitar da abin da ke ciki.

Wane ne mai araha na ƙwarai?

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai son saye, ko makarantar da ke son tanadar wa ƙungiyar kimiyya, sai a lura da abubuwa huɗu.

Na farko, sauri. In ka juya kai, ana so hoto ya biyo cikin abin da bai wuce kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa ba, kuma allo ya sabunta hoto sau 72 zuwa 90 ko fiye a daƙiƙa guda. Jinkiri na ƙara saɓanin ido da kunne.

Na biyu, kaifin hoto, domin matuƙi karatun ƙananan lambobi yake yi. Na uku, a iya matsar da gilasan su daidaita da tazarar idanun mai sawa, in ba haka ba ciwon kai zai biyo baya.

Na huɗu, kwamfuta. Akwatin roba ko kwali da ake zura wa waya, irin Google Cardboard na 2014, juyin kai kawai yake bi, ba ya sanin ka sunkuya ko ka matso, don haka ya fi dacewa da kallo. Meta Quest 3S ya fito a 2024 a kan kimanin dala 300, amma kafin ya yi babban wasan jirgi sai an haɗa shi da kwamfuta mai ƙarfin zana hoto, wadda kan fi shi tsada, ga kuma buƙatar tsayayyar wutar lantarki. A yi hattara da na hannu: irin su HP Reverb G2 sun dogara da wata manhaja da kamfanin Microsoft ya cire daga sabon Windows 11 a 2024.

In an samu, a fara da minti goma, a zaune, a cire da zarar an ji jiri. A riƙa goge shi tsakanin ɗalibi da ɗalibi, musamman lokacin da ciwon ido na afolo ke yawo.

Kammalawa

Gwajin ƙwarya yana da wani darasi mai nauyi. In jirgi ya daɗe yana shan kwana, kamar daƙiƙa 20, ruwan kunne kan bi, sai matuƙi ya ji kamar a miƙe yake tafiya. Da rana tsaka ido zai gyara kuskuren. Amma da dare, ko cikin hazon hunturu da ke rufe sararin Katsina da Kano, babu abin dogaro sai na'urorin da ke gabansa. Abin da akwatin Link ya koyar ke nan, shi ne kuma abin da ɗalibi zai fara koya a tabarau: karanta na'ura da yarda da ita.

Wasan kwamfuta ba ya ba da lasin tuƙi. Manyan na'urorin horo, irin na jirgin Boeing 737 da ke kwalejin Zariya, ɗaki ne guda bisa ƙafafu masu motsi, don kunne ma ya sami rabonsa. Duk da haka, a 2021 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai ta amince da na'urar horo ta farko mai amfani da tabarau, ta jirgi mai saukar ungulu. Ɗalibin Faskari da ke burin zama matuƙi, ko ya sami tabarau ko bai samu ba, ya riƙe lissafi da fiziya da kyau, domin da su za a tambaye shi a ƙofar Zariya.