Murjanin da ke kan hanyar Hajji

 Shirinmu na yau zai bar tudu ya shiga ruwa, ruwan ma na gishiri.

A Zinder ruwa abin tattali ne, kowa ya sani. Ƙarancinsa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai a 1926. To me zai haɗa ɗan unguwar Birni ko ta Zango da tsibirai da duwatsun murjani? Aikin Hajji ne ya haɗa su.

Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci daga ƙasar Damagaram gabas yake fuskanta, a ƙasa ko bisa jaki. Ya ratsa Borno, ya wuce Abeshe da Fashir, ya kai bakin kogin Nilu. Wani sai ya yi shekaru a hanya yana ƙwadago a gonakin auduga na Jazira don haɗa guzuri, wani kuma zaman ya zame masa na dindindin. Wanda Allah ya nufa da isa, tudu yakan ƙare masa a Sawakin, bakin Bahar Maliya.

Tsohon garin Sawakin a kan ɗan tsibiri yake, zagayayye, cikin wata kafa ta teku. Benayensa masu hawa biyu da uku da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga cikin ruwa. Mu nan mun san murjani a wuyan amarya, jan nan da fatake ke kawowa ta Tarabulus da Agadas. Na gini daban ne: fari-fari, mara nauyi, duk jikinsa ƙananan ramuka. Kuma aikin masu rai ne. Wasu ƙananan halittu ne ke fitar da farar ƙasa daga jikinsu suna gina mazauni, na baya su hau kan kufan na gaba, har a wayi gari an samu katanga a ƙarƙashin ruwa mai tsawon kilomitoci.

Katangar nan ita ce fargabar matuƙan sambuk, jirgin katako mai filafilai da ke tsallakar da alhazai zuwa Jidda, tafiyar sama da kilomita 300. Dutsen yana kwance dab da fuskar ruwa. Da rana matuƙi yana gane shi da launi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore kuwa a yi hattara. Da dare sai addu'a. Katangar ce kuma ta karya arzikin Sawakin, don mashigarsa ta yi wa manyan jiragen Turawa ƙunci, sai Ingilishi suka fara gina Port Sudan a 1905. 'Yan kasuwa suka ƙaura, aka daina yi wa benaye yaɓe, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da alhazanmu suka yi ta roƙon Allah ya raba su da shi, shi ne baƙi daga Turai suka dawo suna biyan kuɗi don kallo. A da sukan ɗauki jirgin ruwa su kwana a cikinsa, su nufi Sanganeb, wani zoben murjani mai hasumiyar fitila, kilomita 25 daga gaɓa. Mutum ya sa gilashin ido, ya ciji bututun numfashi wanda bakinsa ke sama da ruwa, ya kwanta rub da ciki yana lilo. A ƙarƙashinsa ga murjani mai rassa, ga mai faɗi kamar faifai, ƙananan kifaye ja da ɗorawa suna shiga suna fita, kunkurun teku na wucewa abinsa. Can arewa, a Dungunab, har da ɗan'uwan ayu yana kiwo a ciyawar ruwa. A 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwan Sha'ab Rumi, mutanensa suka yi wata guda a ciki. A 2016 UNESCO ta sa Sanganeb da Dungunab cikin kayan gadon duniya.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya kori masu yawon buɗe ido. A makonnin farkonsa, jiragen da suka riƙa ratsa wannan ruwa daga Port Sudan zuwa Jidda masu gudun tsira suka ɗauka.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.