Ziyarar Ɗalibai a Sansanin Auschwitz da Abin da Take Koyarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan ne dalilin da ya sa makarantu da jami'o'in Turai suke kai ɗalibansu wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar Folan, inda 'yan Nazi na Jamus suka kafa sansanin gwale-gwale na Auschwitz a 1940. Sojojin Tarayyar Sobiyet ne suka buɗe shi ranar 27 ga Janairu, 1945, suka tarar da fursunoni kimanin 7,000 waɗanda yunwa da cuta suka ƙarar. A 1947 aka mai da wurin gidan tarihi.

Ɗalibi yakan shiga ta wata ƙofar ƙarfe wadda aka rubuta a bisanta da Jamusanci wai aiki shi ke 'yantar da mutum. Daga nan sai a zaga da shi cikin gine-ginen jan bulo, a nuna masa tsibin takalma da tabarau, da akwatuna masu ɗauke da sunayen masu su, da kuma gashin kai kusan tan 2 da aka aske wa mutane. Kilomita 3 daga nan akwai sashe na biyu, watau Birkenau, inda layin dogo ya ratsa har tsakiyar sansanin. A bakin wannan layi likitoci suke tsayawa su ware masu ƙarfin aiki, saura kuwa, tsofaffi da yara da mata masu goyo, a wuce da su ɗakunan da ake sakin iskar guba ta Zyklon B. Daga cikin mutum miliyan 1.3 da aka kai can, an hallaka kimanin miliyan 1.1, kusan miliyan 1 Yahudawa ne, sauran kuwa mutanen Folan da 'yan ƙabilar Roma da sojojin Sobiyet da aka kama a yaƙi.

Akwai darasi ga mai neman ilmi a cikin waɗannan alƙaluma. Har zuwa 1990 allunan tunawa na Birkenau cewa suke mutum miliyan 4 ne suka mutu. Da masanin tarihi Franciszek Piper ya bi lissafin mutanen da aka kwaso daga kowace ƙasa, sai ya gano adadin bai kai haka ba, aka kuwa gyara. Gaskiya ba ta bukatar ƙari, domin ƙari shi ke ba mai musu ƙofa.

Darasi na biyu ya fi shafar ma'aikacin gwamnati. Ranar 20 ga Janairu, 1942, manyan jami'ai 15 suka zauna a Wannsee, gefen birnin Berlin, don tsara yadda ma'aikatu za su haɗa kai wajen ƙarar da Yahudawan Turai. 8 daga cikinsu suna da digirin dakta. Ke nan ba jahilai suka yi wannan aika-aika ba. Sai da akawu ya rubuta sunaye, ma'aikacin jirgin ƙasa ya tsara lokacin tashi, injiniya ya zana tanderun ƙona gawa, kafin taragu su iso Birkenau. Kowannensu yana iya cewa umarni ya bi, kamar yadda Adolf Eichmann ya faɗa a gaban kotu a Urushalima a 1961. Amma wannan hanzari bai hana a rataye shi a 1962 ba.

Saboda haka ɗalibin da ya fito daga wannan ƙofa, wanda gobe shi zai riƙe alƙalami a ofis, ya kamata ya tafi da tambaya guda: idan aka ajiye masa takarda irin wannan a bisa tebur, zai sa hannu?