Saukar Suga da Ƙwaƙwalwar Yaro

Maganar da ta yaɗu cewa mai ciwon suga ba ya taɓa zaƙi ko da wasa ta sa iyaye da malamai da yawa ba su san cewa haɗari mafi gaggawa ga yaron da ake yi wa allurar insulin shi ne saukar suga ba, wato sugan jini ya yi ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita. Hakan yakan faru idan an yi allura yaro bai ci abinci ba, ko ya yi guje-guje fiye da yadda ya saba, ko ya ɗauki azumi ba da shawarar likita ba.

Abincin ƙwaƙwalwa shi ne gulukos, nau'in sugan da jini ke ɗauke da shi. Hanta da tsoka suna da rumbun da suke ajiye shi, amma ƙwaƙwalwa hannu baka hannu ƙwarya take yi, kamar gidan da ba randa, wanda duk ranar da mai garuwa ya makara sai girki ya tsaya. Ƙwaƙwalwar babba tana cin kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa, alhali ta ɗan shekara biyar tana cin rabi ko fiye, saboda gininta ake yi.

Da suga ya fara sauka, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, sai gumi da rawar hannu da yunwa su bayyana. Idan ya yi ƙasa da 54, ƙwaƙwalwar kanta ke shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kamar fitilar da kananzirinta ya kusa ƙarewa. Na'urar EEG mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa tana nuna tafiyarsa ta yi sanyi, yaro kuma ya ruɗe, ya yi rigima ba dalili, harshensa ya yi nauyi, daga nan sai jijjiga ko suma. A nan ne ake kuskuren cewa taurin kai ne, ko farfaɗiya, ko shafar iska, a tsaya neman hayaƙi lokaci yana wucewa.

Saukar da aka magance da wuri ba ta cika barin tabo ba, amma mai tsanani da ta yi ta maimaituwa kafin shekara shida ana danganta ta da raunin riƙe karatu, kuma yawan faruwarta yakan dusashe alamun gargaɗin. Wannan bai halatta rage allura don tsoro ba, domin hawan suga na tsawon lokaci shi ma yana cutar da ƙwaƙwalwa.

Yaron da ke cikin hayyacinsa ana ba shi suga a ruwa ko lemo mai zaƙi nan take, a sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, sai a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Makarantar da ta karɓi irin wannan yaro ba ta da uzurin rasa ƙullin suga a aljihun teburin malamin ajinsa.