Tukunyar Mutum Ɗaya Ba Asara Ba Ce

Na gaji da jin wata magana daga bakin masu zaman kansu, ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da ma'aikatan da aka tura wani gari ba iyali: wai girkin mutum ɗaya asara ne. Mai faɗin haka, ka neme shi bayan sallar isha'i, a bencin mai shayi za ka same shi, taliyar leda biyu da ƙwai, kullum ta Allah. Bayan wata shida sai a shiga kukan kasala da cushewar ciki, ana neman wanda za a ɗora wa laifi.

Hujjarsu ita ce lokaci da iskar gas. To, akwai adas, ɗan'uwan wake ne, ƙwayoyinsa ƙanana ne masu faɗi, sunansa ma ya zo a aya ta 61 cikin Suratul Baƙara. Hausawan Sudan da alhazan da suka yi azumi a Makka sun san miyarsa sarai. Jan adas da aka ɓare ba ya son jiƙo, ba ya son surfe, cikin minti 15 zuwa 20 ya narke. Layin da kake bi wurin mai shayi ya fi haka daɗewa. Ina asarar take?

Wani ya ce mini ai abincin da ba nama ba ya riƙe ciki. Haba malam! Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen adas sinadarin gina jiki ne, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ga harza mai sauƙaƙa bayan gida. Ba banza ba iyayenmu mata ke dafa wa mai ƙarancin jini faten wake da alayyafo. Ita kuwa taliyar leda, gishiri ne jibge a ɗan ƙunshin nan nata, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini. Akwai kuma masu jin kunyar a ga namiji da ludayi, wannan ko amsa ba ta cancanta ba.

Ga yadda ake yi. Ka auni rabin gwangwanin madara na adas, ka tsince tsakuwa, ka wanke har ruwan ya washe. Ka soya albasa rabi a man gyaɗa cokali biyu, in ta yi laushi ka jefa tafarnuwa da attaruhu ɗaya da tumatir biyu. Zuba adas, ka bi shi da ruwa gwangwani biyu. In ya tafaso ka rage wuta, ka riƙa juyawa, domin yana kama gindin tukunya da zarar ka shagala da waya. 'Yar daddawa tana gyara shi ƙwarai, ko da yake Larabawa ba su san wannan daɗin ba.

Ganye shi ne na ƙarshe. Alayyafo ɗauri ɗaya, ka wanke shi da ruwan gishiri tun kafin ka yanka, ka zuba, minti uku ka sauke. Zogale ya fi son a ɗan ƙara masa lokaci. Don Allah kada ka sa kanwa: tana sa ganye ya yi kore shar, amma tana kashe bitamin da ke cikinsa. Bayan ka sauke, matsa lemon tsami, yana taimaka wa jiki ya ja sinadarin ƙarfen. Shayi kishiyar haka yake yi, saboda haka ka jinkirta shi kamar awa guda. Ka ci da burodi ko gurasa ko shinkafa.

In miyar ta rage, kada ta wuce awa biyu a waje, musamman da zafin bazara. Wanda ba shi da firji, ko wutarsu sai an ga dama, ya dafa daidai cikinsa. In adas ya yi wuyar samu a garinku ko ya yi tsada, surfaffen wake ya wadatar, sai dai ka ba shi kamar minti 40. Yau in za ka koma ɗaki, ka biya ta wurin mai kayan miya.