Magarya da Dungas: Yadda kaza ɗaya mai ciwo ke ƙarar da akurki

Da hunturu ya kama, matan Magarya da Dungas kan wayi gari su tarar kaza ta takure, fukafukai a sake, tana koren zawo. Kazar nan ita ce asusun uwargida, shi ya sa wasu ke garzayawa da ita kasuwa kafin ta mutu. Cutar kuwa sai ta bi ta gidan mai saye.

Ciwon Niyukasil ba shi da magani, barkono da ɓawon maɗaci ba sa kashe shi. Rigakafi ake yi tun kafin sanyi. Wadda ta kamu, a ware ta da ruwanta da dusarta. In mutuwar ta yawaita, a sanar da ma'aikatan kiwo, domin a Magarya aka fara gano murar tsuntsaye a Nijar, cikin Fabrairun 2006.